Wata shida na yi a cibiyar koyon haɗa shafin intanet a Sakkwato, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Tun da na fara sa hotunan shafukan da nike haɗa ma mutane a status kusan kullum sai wani ya biyo ni da tambaya, ina ka koya, nawa ka biya, wurin na da kyau in kai ƙanena? Amsa ɗaya bayan ɗaya ta yi min yawa shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai wuri guda, duk mai tambaya in tura mai. Sunan wurin dai ba zan kama ba, don akwai abubuwan da zan faɗi waɗanda ba su yi min daɗi ba, kuma mutanen nan malamaina ne akwai kunya tsakaninmu.

Na shiga a watan Janairu 2023 na gama ƙarshen Yuni. Wurin bene ne cikin gari, ƙasa masu saida waya da caja, sama ɗaki biyu, ɗaya ofis ɗaya aji. Ni daga Mabera nike zuwa da kabu-kabu, wata rana in taka da ƙafa in kuɗin mashin bai samu ba. Naira dubu 60 na biya na wata shidan, kashi biyu, kuma a nan dole in yaba masu don lokacin ne anka shiga wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mutane na kwana layin banki, mai wurin bai matsa ma kowa ba, ya ce wanda taransifa ta yi mai ya tura wanda ba ta yi ba ya ci gaba da zuwa aji har Allah ya hore. Akwai wani cikinmu da sai wata na huɗu ya cika kuɗinai kuma ba a taɓa tsayar da shi bakin ƙofa ba.

Kwamfuta 14 ce a ajin mu kuma mu 22. Kun ga ke nan in ba ka da laftof ɗinka sai dai ku zauna biyu-biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na kallo, kuma wanga aiki ba a koyon shi da kallo. Wata na farko haka na yi, sai da na ga ana wuce ni sannan na lallaɓa na sayi tsohuwar laftof ta hannu. Ba sai mai tsada ba wallahi, in tana da RAM 4GB ko 8GB kuma batirinta na riƙe awa biyu ta ishe ka HTML da CSS da WordPress, wato kayan aikin da ake haɗa shafi da su. A tallarsu sun rubuta "ba sai kana da kwamfuta ba", ni dai ina ganin gara su faɗa ma mutane gaskiya tun farko.

Sai maganar wuta da zafi. Azumin shekarar ya kama daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kuma wanda ya san Sakkwato ya san me Afrilu ke nufi, zafi ya haura digiri 40, ga mutum 22 da kwamfutoci a ɗaki ɗaya saman bene. Suna da sola da inbata amma kwamfutoci da fanka kawai take ɗauka, na'urar sanyaya ɗaki sai an tada janareta. Laftof ɗin wasu da kanta take mutuwa in ta ɗau zafi. Da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, janaretan ma sai ya zama na awa ɗaya, daga baya anka maida ajin ƙarfe takwas na safe don mu gama kafin rana ta buɗe. Ba su ƙara mana ko sisi ba, wannan ma na riƙe masu shi. Intanet kuwa akwai waifai amma in kowa ya hau rarrafe take, yawancinmu da datar wayarmu munka yi karatu.

To yanzu malamin. In ka cire shi daga wurin nan ban san me zai rage ba. Saurayi ne bai girme mu da yawa ba amma Allah ya ba shi iya bayani, kuma da Hausa yake yi, ya faɗi kalmar Turancin sau ɗaya don ka santa sannan ya warware ma ita da harshenka. Ranar farko bai bari mun taɓa kwamfuta ba sai da ya sa wani ɗan ajinmu mai babbar riga ya miƙe tsaye, ya ce ku dube shi, yankan yadin nan da ɗinkin da ya haɗa wuya da hannu da aljihu shi ne HTML, aikin zaren da ke gaban rigar da launinta shi ne CSS, shi kuma mutumin da ke ciki yana ɗaga hannu yana naɗe riga a kafaɗa shi ne JavaScript. Har yau da wannan misalin nike ma kwastomomi bayani kuma suna ganewa nan take.

Sati biyu cur a Notepad ya sa munka yi rubutun kod, ya hana mu VS Code, manhajar da ke taya mutum cike kod, wai sai hannunmu ya saba rufe duk abin da ya buɗe. Lokacin mun ji haushi, yanzu na gane, don in shafi ya karye ina iya bin shi layi-layi da ido in gano inda aka manta rufe div, wato akwatin da ake zuba wani sashen shafi a ciki. Ya ɗan ba mu tarihi amma bai cika mu da shi ba, cewa Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a Siwizalan wajen 1989 zuwa 1991, CSS ta fito 1996, JavaScript kuma Brendan Eich ya rubuta ta 1995 a kamfanin Netscape. Abin da yake so mu ɗauka ciki shi ne abubuwan nan uku sun kusa shekara talatin suna aiki, duk sabon abin da anka yayata bisa su anka gina shi, don haka kar mu yi gaggawar tsallake su.

Abu biyu ya koya mana da ban taɓa gani a bidiyon YouTube na Turawa ba. Na farko haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ya sa kowa ya rubuta "ƙauyen ɓarayi ya ɗauki wuta" a shafinai, sai ga wasu nasu ya fito da akwatuna da alamar tambaya, wasu kuma harafin ya fito amma ya bambanta da sauran kamar an ɗauko shi daga wani gida. Sannan ya nuna mana dole ka sa UTF-8 a saman shafi, kuma ba kowane salon rubutu ke ɗauke da haruffan nan ba, ka gwada tukuna, irin su Noto Sans na Google suna da su. Haka in za ka sa Larabci a shafin makarantar Islamiyya sai ka gaya ma burauza rubutun daga dama yake farawa. Na biyu, yana da wata tsohuwar ƙaramar Android mai fasasshen gilas a aljihu, duk aikin da ka yi komai kyansa a laftof sai ya buɗe shi a wayar nan da datarsa, in ya ƙirga goma bai buɗe ba ya ce koma. Yakan ce wanda zai duba shafin nan yana Illela ko Gwadabawa ko Tangaza da sandar netwok ɗaya, kuma datar naira ɗari biyu ya saya, kai ka ɗora mai hoton megabait biyar? A nan na koyi matse hoto, maida shi WebP, da fara tsara shafi daga waya kafin babban allo. Wannan kaɗai ya ci kuɗin da na biya.

JavaScript kam an yi mana sauri. Sati uku kacal, muna fara gane function sai anka ce lokaci ya ƙure a wuce gaba. Git, abin adana kod da tarihin canje-canjensa, rana ɗaya, ranar ma netwok ya ƙi, rabin aji ba su iya tura komai GitHub, shafin da ake ajiye kod, ba. Ni da dare na riƙa cike gurbin a freeCodeCamp, kyauta ne gaba ɗaya, wani Ba'amurke Quincy Larson ya kafa shi 2014, kana rubutu a burauza yana duba ma, in na maƙale kuma in duba MDN, shafin bayanin kod na Mozilla. Sai dai duk da Turanci suke, wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai sha wuya shi kaɗai, kuma a nan ne amfanin malami mai yi ma bayani da Hausa yake. Wanda ke son zama cikakken mai rubuta manhaja, irin su React, wani kayan aikin JavaScript, da bayan fage, wato ɓangaren shafi da mai dubawa ba ya gani, wanga kwas ba zai kai shi ba, ƙofa kawai zai buɗe mai.

Wata biyun ƙarshe WordPress munka yi, manhajar da ake haɗa shafi da ita ba sai ka rubuta kod daga tushe ba, kuma gaskiya shi ke ciyar da ni yau. Tun 2003 yake, Matt Mullenweg da Mike Little sunka fara shi, da PHP da MySQL yake aiki, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya bisa shi suke. Mun fara a kwamfutarmu da XAMPP ba tare da intanet ba, sannan munka koyi sayen domen da hayar hostin, wato adireshin shago da kuma filin da shagon ke zaune. Mun koyi bambancin .com da ake lissafinsa da dala da .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, masu kula da adireshin .ng na Najeriya, da cewa makarantu na da nasu .sch.ng, da sa makullin tsaro kyauta na Let's Encrypt, da haɗa WooCommerce da Paystack don kwastoma ya biya da kati. Duk an yi su yadda ya kamata.

Amma ga inda raina ya ɓaci. Akwai mataimakin malami da ke yawo da filash cike da rigunan WordPress, wato shiryayyen tsarin fuskar shafi, da filogin masu ƙara ma shafi aiki, na kuɗi waɗanda anka fasa, yana tura ma kowa, wai me zai sa ka biya dala 59 ga shi kyauta. Babu wanda ya tsaya ya ce mana abin nan haƙƙin wani ne, kuma babu wanda ya ce mana masu fasa su sukan cusa nasu kod a ciki. Ni na ɗauka na sa a aikina na farko na kuɗi, shafin wata makaranta mai zaman kanta. Bayan wata uku da asuba mai makarantar ya kira ni muryarsa na rawa, iyayen yara na danna shafin makaranta yana kai su shafin caca. Makarantar da ake koyar da Alƙur'ani da safe. Wallahi ranar ban iya karyawa ba. Kwana biyu na yi ina share komai, na sake ginawa daga tushe da riga ta halal daga ma'ajiyar WordPress, na canza duk kalmomin sirri, kuma ban karɓi ko kwabo ba don laifina ne. Amma wanda ya miƙa min filash ɗin a cikin aji ya miƙa min, shi ya sa nike sa shi cikin lissafin wurin. Jama'a don Allah duk wanda ya ba ku irin wannan ku ce a'a, rigunan kyauta na gaskiya sun ishi aikin da mafi yawanmu ke yi.

Yanzu babban abin da ya sa na zauna rubutun nan. Wata shida, ko awa ɗaya ba a ware ba an ce ga yadda za ka zauna da mai ba ka aiki. Nawa za ka ce, me kuɗin ya ƙunsa, yaushe aiki ya ƙare, wa ke da domen, wa zai biya shekara mai zuwa. Babu. An koya mana ɗinki an sake mu kasuwa ba mu san yadda ake ciniki ba, kuma duk kukan da na ji daga 'yan ajinmu bayan mun gama babu wanda ya ce CSS ta gagare shi, kowa maganar kwastoma yake.

Shi wancan Alhajin mai makaranta, tun kafin maganar caca mun sha fama. Wani abokin babana ya haɗa mu. Na je ofishinsa na durƙusa na gaishe shi, ya ce "yaro, an ce kai injiniyan kwamfuta ne, shafi nike so irin na manyan makarantun Abuja, nawa za ka yi min?" Ni da ban taɓa sa ma aikina farashi ba, ga kunya ga girmansa, na ce ranka ya daɗe duk abin da ka bayar. Kuskuren farko ke nan. Ya ce dubu 50, na ce to, ya ba ni dubu 15 in fara, a ciki na sayi domen da hostin. A raina shafi biyar ne, tarihin makaranta, hotuna, kuɗin makaranta, fom, adireshi. Sati biyu na gama na kai mai. Ya duba ya ce ma sha Allah, "to ina inda iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu?" Na ce Alhaji ai wannan wani aiki ne daban. Ya ce "daban kamar yaya, ba shafin makaranta na ce ba?" Kuma in ka tsaya ka duba ta wajensa bai yi ƙarya ba, shi a ransa shafin makaranta ya haɗa da duk wannan, ni ne ban tambaya ba, kuma ba a rubuta komai ba.

Na yi wata guda ina haɗa wurin duba sakamako, na gama ya ce a sa biyan kuɗin makaranta, na sa, ya ce a sa hoton kowane malami, hotunan kuma sai na bi su aji-aji na ɗauka da wayata don babu mai turowa, ana nan ɗansa ya dawo hutu daga jami'a ya ce launin bai yi ba a maida shi shuɗi, bayan sati Alhaji ya ce wa ya ce a canza koren makaranta. Cikon kuɗina dubu 35 sai da ya ɗau wata biyar yana fitowa dubu biyar-biyar, kowace tafiya in biya kabu-kabu in zauna benci awa biyu a ce Alhaji na mitin. Wata rana har ya ce min "yaron wajena ya ce abin nan a waya ma ana yin shi kyauta." Na haɗiye kawai na ce Allah ya ƙara girma. Kuma sai daga baya na san sunayen yara da makinsu da lambobin iyayensu da na zuba a wurin nan akwai doka a kansu, dokar kare bayanan jama'a da anka sa ma hannu a Yunin 2023, a aji ko sunanta ba mu ji ba.

Da shekara ta zagayo saƙon sabunta domen da hostin ya shigo, kuma kun san abin da ya faru da naira tun da anka sake ta a tsakiyar 2023, kuɗin ya kusa ninkawa. Na je na gaya mai, ya kalle ni ya ce "ba na biya ka ba?" Na yi ta bayani cewa kamar hayar shago ce duk shekara ake biya, shi kuma gani yake dabara ce ta sake cin kuɗinsa. Ga shi domen ɗin da imel ɗina na yi rajistarsa don haka anka nuna mana a aji, sai abin ya zama kamar na riƙe mai kaya ina neman fansa. Sai da abokin baban nawa ya shiga tsakani. Alhaji ba mugu ba ne, har yau muna gaisawa kuma ya turo min wasu, amma da an ba mu darasi ɗaya tak a kan wannan da duk ba a kai nan ba.

Akwai wata Hajiya mai turaren wuta da humra, ita kuɗi ba matsalarta ba ne ta biya tsaf, amma saƙon murya ƙarfe sha biyun dare, minti huɗu minti biyar, "ɗana ka yi haƙuri, na nuna ma ƙanwata ta ce ruwan hodar ya yi yawa", gobe aminiyarta ta ce a maido shi, jibi 'yarta ta ga wani a Instagram. Sau goma sha ɗaya na canza fuskar shafin, na ƙirga. Daga ƙarshe da na zauna na kalli yadda take ciniki sai na ga duk masu sayenta ta WhatsApp suke zuwa kuma so suke su ji muryarta su yi tayi, babu mai sa turare a kwando ya biya da kati. Abin da take buƙata WhatsApp Business ne da jerin kaya da farashi, da shafi guda ɗaya mai maɓallin da zai kai mutum kai tsaye wurinta. Na gaya mata gaskiya, na yi mata hakan, cinikinta ya fi tafiya, kuma ita ce ta fi kowa kawo min mutane yanzu. Wannan tambayar, shin mutumin nan shafi yake buƙata ko wani abu daban, ita ma ba mu taɓa jin ta a aji ba.

'Yan uwa kuma nasu salon daban, kawu zai ce "ɗan danne-dannen nan naka ka yi ma shagona mana", kuma ba ka isa ka kawo maganar kuɗi ba. Ni yanzu nakan ce kawu aikin hannuna kyauta ne amma domen da hostin ba nawa ba ne, ga kuɗinsu, kuma sai bayan na gama na masu biya. Yawanci a nan maganar ke tsayawa lafiya ba tare da an ɓata ba.

Kar in sa ku zaci duk haka suke. Akwai wani dattijo mai sana'ar fata, jakunkuna da takalma da filo na fatar jar akuyar nan tamu da duniya ta sani, ɗansa ya kawo ni, ya tambayi komai dalla-dalla, ya biya rabi nan take, hotuna sunka zo a kan lokaci, ranar da na miƙa aiki kafin in kai gida alat ya shigo. Shi ne ma ya fara ce min "ɗana, rubuta muna abin da munka yi magana, ni da kai duk masu mantuwa ne."

Daga wurinsa na ɗauki abin da nike yi yanzu. Takarda ce shafi ɗaya da Hausa, ba Turancin lauyoyi ba. A ciki akwai yawan shafuka da sunan kowanne, abin da ba ya ciki shi ma a rubuce, kuɗi gaba ɗaya, rabi kafin alƙalami rabi kafin in ɗora shafin a adireshinsa, gyara zagaye biyu kyauta na uku da kuɗinsa, rubutu da hotuna daga wurin mai aiki kuma kwanakin aiki ba su fara ƙirguwa sai sun iso hannuna, mutum ɗaya ne zai riƙa ba ni umarni ba duk gida ba, domen da sunansa da imel ɗinsa, sabuntawa duk shekara a kansa take kuma farashinta na iya canzawa. Mu sa hannu, in da hali da shaida ɗaya. Kafin cikon kuɗi aikin na zaune a wurina yana kallo ta mahaɗin gwaji. Wasu manya sukan ɗaure fuska su ce "wato ba ka yarda da ni ba?" sai in ce ranka ya daɗe ba haka ba ne, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, kariya ce gare ka ko da ni ne na saɓa. Ban taɓa faɗin haka wani ya ƙi sa hannu ba. Mutum biyu sun tafi da sunka ji maganar rabin kuɗi, kuma ban bi su ba.

Sauran ƙananan abubuwa. Satifiket sai bayan wata huɗu ya fito, mun yi ta sintiri, amma har yau babu kwastoman da ya tambaye ni shi, aikin da na yi a baya suke cewa in nuna. A talla sun ce za su haɗa mu da aikin ƙasashen waje, abin da anka yi zama ɗaya ne aka nuna mana yadda ake buɗe Fiverr da Upwork, shafukan da ake neman aiki ta intanet, aka ce Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, shi ke nan, ba a yi maganar yadda kuɗin zai iso hannunka ko yadda za ka rubuta ma Bature ya amsa ba. Wannan alkawarin gara su cire shi daga talla. Mata biyar ne a ajinmu, an ware masu layinsu, babu wanda ya taɓa yi masu rashin mutunci, kuma wadda ta fi kowa iya CSS cikinmu mace ce, don haka mai tunanin kai ƙanwarsa ko matarsa ta wannan ɓangaren hankalinsa ya kwanta.

Masu tambaya ko su je, in kana farawa daga sifili, Turancinka tsaka-tsaki ne, kuma ka san kai kaɗai a ɗaki ba za ka dage ba, je ka, amma da laftof ɗinka, kuma ka tambaya ko malamin da zai fara da ku shi zai ƙare da ku kafin ka biya. In ka riga ka iya HTML da CSS kuɗinka ka sa a data ka zauna ma freeCodeCamp, ka kuma sa ido kan shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta fara ƙarshen 2023, shi ba a biya. Koyarwar hannu zan ba su 8 cikin 10 saboda malamin nan, kayan aiki 5, shirya mutum ya fita kasuwa kuwa 2, ita ma don sun bar mu mun yi aikin gwaji ɗaya ne da za mu iya nunawa.

Watan jiya na hau benen na gaida Malam, na ba shi labarin Alhaji da na filash duka ban rage ba. Ya yi shiru, ya ce maganar filash tuni ya hana tun da wani ma ya kawo irin ƙarata, maganar ciniki kuma shi kansa da faɗuwa ya koya bai taɓa tunanin darasi ba ne. Na nuna mai takardata ya karanta sau biyu ya ɗauki hotonta. Mai wurin dai har yanzu bai yarda a sa shi cikin manhajar kwas ba, wai lokaci ba ya isa, amma Malam ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar in zauna da 'yan ajin da za su gama, awa ɗaya. Na buga kwafi 25 na takardar, in akwai tsohon ɗalibin wurin da ke da nasa labarin kwastoma ya zo mu je tare.